Allurar Intafiron Ga Mai Ciwon Hanta Nau'in B: Yadda Ake Yi Da Abin Lura

Intafiron furotin ne da jiki ke fitarwa da kansa idan ƙwayar cutar bairos ta shiga. Yana manne wa ƙwayoyin halitta ya sa su ƙera abin da zai hana bairos hayayyafa, ya kuma zaburar da dakarun garkuwar jiki su kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. Wanda ake yi wa masu ciwon hanta nau'in B shi ne peginterferon alfa-2a, mai sunan kasuwa Pegasys, an haɗa shi da wani sinadari da ke sa ya daɗe a jini.

Ba kowa ake yi wa ba. Wanda hantarsa ta ƙanƙance har ciki ya tara ruwa ko shawara ta fito, da mai juna biyu, da mai tsananin ciwon damuwa, da wanda garkuwarsa ke yaƙar jikinsa, duk a kauce musu. Ga yawancin mutane ƙwayar tenofovir ta fi sauƙi da arha. Ribar intafiron ita ce yana da ranar gamawa, sai dai kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na masu HBeAg, wato alamar da ake gani a gwajin jini mai nuna bairos na hayayyafa, ke rabuwa da ita.

Ma'auninsa maikirogiram 180, sau ɗaya a mako, mako 48, a ƙarƙashin fata. A ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada ya daskare, kada a girgiza shi, kada ya wuce awa 24 a waje. Sanyin randa bai isa ba. Inda wuta ba ta tsayawa gara a bar shi a firjin asibiti. A fito da sirinjin sanyinsa ya ragu, a duba ruwan: in ya yi dusu-dusu ko da gudaji, a jefar. A goge wuri da sifirit a cinya ko ciki, nesa da cibiya, a tsunko fatar, a soka allurar a karkace. Kowane mako a sauya wuri. In an manta, aka tuna cikin kwana 2, a yi. In ya wuce haka a tambayi likita.

Sa'o'i kaɗan bayan allurar zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi kan taso, domin garkuwar ce aka tayar. Shi ya sa ake yin ta da dare tare da farasitamol, kuma abin yakan lafa bayan makonnin farko. Haɗarin a nan shi ne kamarsa da zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin da ya wuce kwana 2, ko ya zo a tsakiyar mako, a je gwajin maleriya da ƙidayar jini, kada a sayi magani a kemis, domin intafiron yana danne ɓargo, jiki ya rasa fararen ƙwayoyin da ke yaƙar bakteriya.

Saboda haka gwajin jini duk wata wajibi ne. Nutrofil, wato waɗannan fararen ƙwayoyin masu yaƙar bakteriya, in ƙidayarsu ta sauka ƙasa da 750 a koma maikirogiram 135, ƙasa da 500 a dakata. Ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 50,000 a koma maikirogiram 90, ƙasa da 25,000 a tsaya. ALT, sinadarin hanta da ake aunawa a jini, kan yi tsalle lokacin da garkuwa ke kashe ƙwayoyin da suka kamu, wani lokaci alama ce mai kyau, amma in idanu suka yi rawaya a daina nan take. Gwajin TSH, mai nuna yadda tairod ke aiki, duk wata 3, saboda maganin na iya tunzura garkuwa ta afka wa tairod, wato halittar da ke gaban wuya mai fitar da sinadaran sarrafa aikin jiki.

Iyali su sa ido kan halin mara lafiya. Saurin fushi, rashin barci ko maganar gajiya da rayuwa, a sanar da likita a ranar. A mako na 24, mai HBeAg da HBsAg ɗinsa, wato furotin ɗin bayan bairos da ake aunawa a jini, ke sama da 20,000 IU/ml a tsayar masa da allurar a koma tenofovir.