Kurakuran da ake tafkawa wajen tace sunaye masu kama da juna a kwamfuta

Rajistar ƙungiyar manoma a Ringim, jerin yaran da aka yi wa rigakafi a ƙauyukan Ɗambatta, sunayen waɗanda za a raba wa taki a Kafin Hausa, duk ciwonsu ɗaya. Hannu da yawa ne suka rubuta su, kowa da yadda kunnensa ya ji. Mutum ɗaya sai ya fito sau uku: Muhammad, Mohammed, Muh'd. Akwai dabarun lissafi da kwamfuta ke bi ta gano irin wannan, suna kuma aiki, sai dai yawancinsu ba da sunayenmu aka gwada su ba.

Ɓarnar farko tana faruwa tun kafin a fara kwatantawa. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ, kowanne harafi ne mai zaman kansa a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ba k ko d ba ne da aka ɗora wa alama. Saboda haka umarnin da ke cire alamomin da ke kan haruffan Faransanci ba ya taɓa su, idan kuma ka ce a zubar da duk abin da ba harafin Ingilishi ba, sai Ƙasimu ya koma "asimu", Ɗahiru ya koma "ahiru". Kai za ka rubuta ƙa'idar da hannunka: ƙ ya zama k, ɗ ya zama d, ɓ ya zama b. Haka ɗigon hamza na Sa'adu, Ya'u da 'Yankwashi. Waya da kwamfuta suna fitar da shi iri-iri, ido yana ganin abu ɗaya, na'ura tana ganin daban. Cire shi gaba ɗaya a kwafin da za a kwatanta, ka cire Alhaji, Malam da Hajiya, ka warware gajartawa irin B/Kudu da T/Wada. Na ce kwafi da gangan. Sunan asali a bar shi a gurbinsa yadda aka rubuto shi, domin ranar da gardama ta taso shi za a duba.

Sai dogaro da tazarar Levenshtein ita kaɗai. Masanin lissafin nan na Tarayyar Sobiyat, Vladimir Levenshtein, ya fito da ita a 1965, aikinta kuwa ƙirga sau nawa za a ƙara harafi, ko a cire, ko a musanya, kafin kalma ta koma wata. Masu koyo sukan ce duk abin da bai wuce 2 ba a ɗauke shi suna ɗaya. To tsakanin Muhammad da Mohammed 2 ne, madalla. Amma tsakanin Aminu da Amina 1 ne, haka Jamilu da Jamila, Salisu da Salihu, Nasiru da Basiru. A Hausa sau da yawa harafin ƙarshe shi ke raba namiji da mace, gajeren suna kuma harafi ɗaya ya isa ya mai da shi wani mutum. Gyaran shi ne a auna tazarar da tsawon sunan, a tsananta wa gajerun sunaye, kuma kada a kwatanta layin namiji da na mace idan akwai gurbin jinsi. Idan yawancin kuskuren na bugawa ne, irin Ibrahim ya zama Ibrhaim, tsarin Damerau ya fi dacewa, domin yana ƙirga juyewar haruffa biyu makusanta a matsayin kuskure ɗaya.

Inda aka fi yin asara a ganina shi ne Soundex, dabarar da ke mai da suna harafi da lambobi don a haɗa masu lafazi iri ɗaya. Sunansa yana ruɗar mutane, su ɗauka yana jin lafazi. Robert Russell ya yi masa rajista a Amurka a 1918. Yana riƙe harafin farko, ya zubar da wasula tare da h, w da y, sannan ya ba baƙaƙen da suka rage lamba har guda uku. Mu kuwa a wasula bambancinmu yake. Sani da Sumayya duk S500 suke fitowa. Mafi muni, Hassan, Husaini da Hassana duk H250 ne. Ka duba tagwaye: uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ƙauye ɗaya, lambar wayar gida ɗaya, ga lambar Soundex ɗaya. Manhajar za ta rantse yaro ɗaya aka rubuta sau biyu, ta share guda, a rajistar rigakafi kuwa wannan yaro ne da ba wanda zai bi sawunsa. A ɗaya gefen, riƙe harafin farko yana raba abin da ya kamata a haɗa: Khadija K320, Hadiza H320, haka Usman da Osman, Fanisau da Panisau. Metaphone da Lawrence Philips ya fitar a 1990 ya fi shi wayo, amma shi ma kunnen Bature ne. Gara ka gina ƙaramar ƙa'ida taka: ch ya zama c kamar Bichi da Bici, p ya zama f, kh ya zama h ko k a gwada duka biyu, nb ya zama mb kamar Danbatta da Dambatta, baƙi mai ninki ya koma guda. Wasulan kuma a bar su.

Jaro-Winkler, wani ma'aunin kamanceceniyar sunaye wanda William Winkler na hukumar ƙidayar Amurka ya gyara a 1990, yana ƙara maki idan haruffa huɗu na farko sun zo ɗaya. Abdullahi, Abdulƙadir da Abdulkarim duk za su ci wannan garaɓasa, haka Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ƙananan hukumomi biyu daban. A raba sunan, a kwatanta ɓangaren da ke bayan Abdul shi kaɗai.

Akwai kuma abin da babu lissafin da zai kamo. Garba da Habu Abubakar ne, Indo A'isha ce, Binta Fatima, Kulu Hauwa'u, Sanda Umaru, Mamman Muhammadu. Wannan sai jadawalin laƙabi da za ka zauna da dattawan wurin ku rubuta, kuma alama kawai yake bayarwa, tunda gida ɗaya ana iya samun Abubakar da kuma Garba, kowa da gonarsa. Haka manhajojin da ke jera kalmomin suna bisa haruffa kafin su kwatanta, sai su ce Musa Ibrahim da Ibrahim Musa abu ɗaya ne. A wurinmu sunan farko naka ne, na biyu na mahaifinka, kuma ana yawan mai da wa jika sunan kakansa, don haka mai yiwuwa uba ne da ɗansa. Ranar haihuwa ma ba ta cika raba gardama ba, domin tsofaffi da yawa 1 ga Janairu ake rubuta musu. NIN da BVN, kowanne mai lamba 11, su ne hujja mai ƙarfi in akwai su. Lambar waya kuma a shigar da ita a matsayin rubutu, in ba haka ba Excel zai cinye sifirin farko.

Kada ka kwatanta kowa da kowa. Sunaye 10,000 suna ba da kwatance kusan miliyan 50, kuma yawancinsu shirme ne, Musan Gumel da Musan Gwaram. Fara raba jerin mazaɓa-mazaɓa ko ƙauye-ƙauye.

Sai haɗa sarƙa. Nasiru ya yi kama da Basiru, Basiru da Bashiru, Bashiru da Bashir, manhaja ta dunƙule su rukuni ɗaya alhali na farko da na ƙarshe ba abin da ya haɗa su. Idan kana amfani da haɗin kamanceceniya na Power Query a Excel, ma'aunin kamanceceniyarsa na asali 0.80 ne cikin 1, kuma ba don sunayen Hausa aka zaɓe shi ba. Ɗauki sunaye ɗari biyu da ka san gaskiyarsu, ka gwada, ka sa iyaka biyu: abin da ya haura ta sama a haɗa, abin da ya gaza ta ƙasa a bari. Na tsakiya a buga su a takarda, da sunan uba da unguwa a gefen kowanne, a kai wa mai unguwa ko sakataren ƙungiya ya yi alama.