Yadda Ake Yi Idan Borin Jini Ya Taso Bayan Cin Kifi ko Kirefish

Zariya na nesa da teku, amma kayan teku sun cika tukwanenmu. Kirefish ɗin da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, wato ƙananan jatan lande da aka busar, yana shiga alale, miyar agushi, yaji, har da kunun yaye. Ga kifin ƙanƙara, ga na gwangwani. Shi ya sa uwa za ta rantse ɗanta bai ci wani baƙon abu ba, alhali jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana ta susa.

Da farko a duba ƙurajen da lokacin da suka fito. Borin jini na abinci yakan taso cikin mintuna kaɗan zuwa awa 2 bayan an ci. Fata takan kumbura faci-faci kamar shatar bulala, da ƙaiƙayi mai tsanani, wani wurin ya lafa wani ya taso. Ƙananan ƙurajen zafi na watan Afrilu ba haka suke ba.

Na biyu, kuma nan ne nake roƙon a tsaya a karanta da kyau: kafin a nemi maganin ƙaiƙayi, a duba numfashi. Leɓe ko harshe ya kumbura? Murya ta dishe? Ƙirji na ƙara, ko amai ya biyo baya, ko jiri na ɗibar mutum? To magana ta wuce ta fata. A kama hanyar asibiti mafi kusa nan take, kada a ce sai an kai asibitin koyarwa na Shika in akwai na kusa. Abin da ke ceton rai a nan allurar adirenalin ce da ake yi a cinya, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta. A hanya a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in kuma numfashi ne ke masa wuya a bar shi a zaune. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba sa karya komai, sai dai su sa ya shaƙe. Ko ya ji sauƙi bayan allura a bari likita ya sallame shi, don abin kan dawo bayan wasu awanni.

Idan kuwa fata ce kawai, a daina cin abincin, a wanke hannu da baki. Babba zai iya shan ƙwayar ƙaiƙayi, setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Piriton ma na aiki, sai dai yana sa barci, don haka ɗan acaba ko direba ya kiyaye. Na yaro a tambayi likita ko mai ilimin magunguna gwargwadon shekarunsa. A jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora, a yanke farce, a guji wanka da ruwan zafi.

Bayan an samu lafiya sai a shiga neman mai laifi. A rubuta duk abin da aka ci ranar, har da ɗanɗanon da aka jefa a miya, domin akwai dunƙule mai kirefish a ciki. Wanda jikinsa ba ya son kirefish galibi ba ya jituwa da ƙaguwa ma, amma yana iya cin tarwaɗa lafiya, don sinadarin da ke tayar da borin ba ɗaya ba ne. Dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Kada a gwada ɗan kaɗan a gida don a tabbatar. Wannan aikin likita ne.

Akwai wani abu mai kama da wannan da ya kamata mu sani, mu da wuta ke yawan ɗaukewa. Kifi irin titus ko sadin, in ƙanƙararsa ta narke ya daɗe cikin zafi, yakan tara sinadarin histamin. Duk wanda ya ci zai iya yin ja a fuska, da ciwon kai da ƙaiƙayi. In mutum uku a gida suka kamu tare, kifin ne ya lalace, a zubar da shi.

In an gano kirefish ne, a sanar da makarantar yaro, da kakarsa, da gidan da ake aiko da abincin biki ko na suna. A ware masa cokali da tukunya, kuma a riƙa tambayar mai alale kafin a saya.