Kurakuran da aka fi yi da grpcurl da yadda ake gyara su

Yaran da nake koya wa aikin manhaja a Titin Zoo sukan zo da kuka iri ɗaya: "Malam, sabar ta mutu." In mun duba sai mu tarar lafiyarta ƙalau, umarnin da suka rubuta ne bai yi daidai ba. Sun saba da curl, manhajar aika buƙata ga sabar yanar gizo, sai suka ɗauka grpcurl ƙanensa ne, alhali suna kawai suka haɗa. Shi grpcurl manhaja ce ta kiran sabar da ke amfani da gRPC, wato tsarin da manhajoji ke kiran ayyukan juna da shi. gRPC, wanda Google ya fitar a 2015, a kan HTTP/2 yake tafiya, saƙonninsa kuma a ƙulle suke cikin Protocol Buffers, ido ba ya iya karanta su. Dole grpcurl ya san siffar saƙo kafin ya aika shi, kuma daga mantawa da wannan yawancin matsalolin ke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da -plaintext, zaɓin da ke sa a haɗa ba tare da TLS ba, wato tsarin ɓoye saƙo a kan hanya. Shi grpcurl ɗauka yake yi kowace saba tana da TLS, ita kuwa sabar gwaji da ke localhost:50051 galibi ba ta da shi, sai haɗin ya ƙi. Wasu sai su sa -insecure a madadinsa, ba su san da -insecure ana nan a kan TLS ba, takardar shaidar sabar ce kawai ba za a bincika ba. Don Allah kada a saba da shi a sabar da kuɗin mutane ke bi ta cikinta. A kuma tuna, duk waɗannan zaɓuɓɓukan kafin adireshin sabar ake rubuta su.

Wani kuma, sai mutum ya rubuta list domin ya ga ayyukan sabar, a ce masa sabar ba ta goyon bayan reflection, wato hanyar da take bayyana ayyukanta da kanta. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan ake kashe ta a sabobi da yawa. In taka ce ta gwaji, kunna. In ta wani ce, nemi fayil ɗin .proto mai bayyana siffar saƙonninta, ka nuna shi da -import-path da -proto. Amma ka tabbata na yanzu ne. Protocol Buffers da lambar gurbi yake aiki, ba da suna ba. Idan wani ya canja lamba 3 daga suna zuwa adireshi, kai kuma kana riƙe da tsohon fayil da aka turo maka a WhatsApp, amsa za ta zo ba ƙorafi, adireshi na zaune a gurbin suna. Shi ya sa nake matsa wa yarana su sa reserved a kan duk lambar da suka cire don kada a sake amfani da ita, su kuma gudanar da buf breaking, umarnin da ke gano irin wannan canji, kafin su tura gyara.

Akwai wanda ya cinye mana yini, ba na mantawa. Muna gwada manhajar ajiya ta 'yan kasuwar Kantin Kwari, muka nemi ragowar kuɗin wani asusun gwaji, amsa ta fito babu gurbin ragowa sam. Tun la'asar muke tono har aka kira isha'i, shayi ya huce a kan tebur. Ashe asusun sifiri ne, kuma a proto3, siga ta uku ta Protocol Buffers, gurbin lamba na yau da kullum in sifiri ne ba a aika shi. Muna ƙara -emit-defaults sai ga "0" ya bayyana. A cikin alamar zance ya zo, domin nau'in lamba na int64 haka yake fita a JSON, tsarin rubutun da grpcurl ke nuna amsa da shi. Wanda bai sani ba zai zaci lambar ta koma rubutu.

Masu Windows kuwa, PowerShell na yawan cinye alamomin zancen da ke cikin -d, inda ake rubuta saƙon da za a aika. Zuba JSON ɗin a fayil, ka tura shi da Get-Content, ka rubuta -d '@' domin grpcurl ya karanta abin da aka turo masa.

In kuskure ya fito, karanta sunansa kafin ka ɗora wa netiwok laifi. UNIMPLEMENTED, lamba 12, na nufin ka isa sabar, aikin da ka kira ne ba ta da shi, sau da yawa don tsohuwar siga ce ke kunne. UNAVAILABLE, lamba 14, shi ne na yankewar haɗi ko sabar da ta faɗi. In kana aiki da datar waya, sa -max-time 10, domin bayan daƙiƙa goma ya daina jira ya ba ka DEADLINE_EXCEEDED.