Darasi na 7: Idan sabuwar kwamfuta ta ƙi kama wifi

Kafin ku hau kabu-kabu ku mayar da kwamfuta wurin wanda ya sayar muku, ku fara gano inda cutar take. Abu uku ne ke haɗuwa intanet ya shigo gida: kamfanin da ke ba da rezo, akwatin wifi, sai kwamfutar kanta. Sau da yawa ita lafiyarta ƙalau.

Da wayar hannu ake gwajin farko. Ku tsaya kusa da akwatin, ku kashe intanet ɗin layinku, ku haɗa wayar da wifin gida, ku buɗe wani shafi. In wayar ma ta ƙi, ku ƙyale kwamfuta. Akwai kuran? Fitilun akwatin suna ci? Akwatin da ake sa wa sim, na Airtel ne ko Moov ko Zamani, forfensa yana ƙarewa kamar na waya. In duk wannan daidai ne, ku zare shi daga wuta, ku ƙirga 30, ku mayar, ku ba shi minti 2 ya farfaɗo.

In kuwa waya ta kama, to mu dawo kan kwamfuta. Ku dubi ƙasan allo, hannun dama, kusa da agogo. Alamar jirgin sama tana nufin an rufe wifi gaba ɗaya, sai ku danna ta ku cire. Kwamfutar tebur kuma, da yawa ba su zuwa da na'urar kama wifi. Sai an sayo ɗan kile na wifi an soka mata, ko a ja igiyar intanet daga akwatin.

Yanzu ga inda mutanen Maradi suka fi tuntuɓe: kod ɗin shiga wifi. Kwamfutocin da ke kasuwarmu iri biyu ne. Wadda ta shigo ta Kano ko Dubai, yawanci layin haruffanta na sama yana farawa da Q, W, E. Ta tsarin Faransa tana farawa da A, Z, E. Sai mai butik ya ɗauki ta farko ya sa mata Windows na Faransanci. Ku danna A, ta rubuta Q. Ku danna W, ta rubuta Z. Ku danna 1, ta fito da alamar &, ku danna 2, ta fito da é, domin a tsarin Faransa sai an riƙe maɓallin Shift lamba ke fita. Ku kuma ba ku gani, tunda ɗigo-ɗigo kawai ke bayyana.

"Baba, kod ɗin ne ba daidai ba."

"Kai yaro, ni na rubuta shi a takarda da hannuna!"

Dukansu suna da gaskiya. Maganin, ku danna ƴar alamar ido da ke ƙarshen gurbin kod, ku riƙe, ku ga abin da aka rubuta a zahiri. In haruffa sun sauya, ku riƙe maɓallin Windows ku taɓa dogon maɓallin tazara, ku zaɓi ɗaya tsarin. Ku kula da babban baƙi da ƙarami, kada kuma ku haɗa harafin O da sifiri. Kod na asali yana kan takardar da ke manne a gindin akwatin, kuma ba ya gaza harafi ko lamba 8.

Wani akwatin yana nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wannan ya fi sauri, amma bango yana kashe masa ƙarfi. In akwatin yana falo ku kuna zaure, ku zaɓi ɗayan, wato mai 2.4, shi ya fi ratsa gini. A ɗora akwatin sama, nesa da ƙofar ƙarfe. Masu lulluɓe shi da zane don ƙura, a yi haƙuri a daina: a zafin Afrilu da Mayu, ma'auni na wuce 40, sai ya yi zafi ya riƙa yankewa.

In wifi ya haɗu amma shafuka suna ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro, ku dubi kwanan wata da agogo. Kwamfutar da ta daɗe a kwali takan zo da kwanan da ba daidai ba.

In babu alamar wifi sam, ku haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, ku kunna raba intanet ta USB a cikin wayar, ku bar Windows Update, sashen da ke sabunta Windows, ya sauko da abin da ya rage don wifi ya yi aiki. Yana cin forfe sosai, ku shirya. In hakan bai yi ba, nan ne ya kamata a koma wurin mai butik da rasit. Ƴar ramin nan ta Reset da ke bayan akwatin, kada ku tsokane ta da tsinke, tana goge suna da kod ɗin da aka sa muku.

Aikin gida: ku juya akwatin gidanku, ku kwafe sunan wifi da kod a littafinku. Sannan ku dubi haruffa 3 na farko a kwamfutarku, ku zo mana da amsa: Q, W, E ne ko A, Z, E?