Yadda na gano nau'in ciwon sugana

Bara na rame, ga ƙishirwa da yawan fitsari. A wani asibiti nan Daura sugana ya haura 400, aka ga kiton (sinadarin da ke taruwa idan jiki yana ƙona kitse saboda ƙarancin insulin) a fitsarina, aka ce nau'i na ɗaya ne, aka ɗora ni kan allurar insulin. Bayan wata biyu wani likita ya duba shekaruna, arba'in da uku, ya ce na biyu ne. Hankalina ya rabu biyu, har barci ya gagare ni.

Ban daina allurar da kaina ba, kuma ina roƙon kowa kada ya yi hakan. Na tattara takarduna duka na tafi Katsina wurin ƙwararriyar likitar suga. Ta ce: "Malam, lokacin da suga ya yi tsananin hawa, gwajin insulin ɗin da jiki ke yi da kansa yakan nuna ƙasa da gaskiya." Sai da sugan ya sauka aka yi mini wannan gwajin, tare da gwajin GAD, mai nuna ko garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, kamar yadda ake samu a nau'i na ɗaya.

GAD bai nuna komai ba, jikina kuma yana yin insulin. Nau'i na biyu ne mai farawa da kiton. Yanzu tana rage mini allurar sannu a hankali, ina shan ƙwayar maganin suga ta metformin.