Kurakuran zaɓen aikatau a Japananci ga mai fassara daga Turanci

Mu da muka koyi Japananci ta hanyar littattafan Turanci, akwai ramin da muke yawan faɗawa: ɗaukar ma'anar farko da ƙamus ya kawo. Turanci kan tara ayyuka da dama a kalma guda, Japananci kuwa ya rarrabe su.

Babu inda wannan ya fi fitowa kamar a maganar sutura. Ɗalibi ya ga "wear", sai ya liƙa kiru a ko'ina. Alhali kiru na riga ne da kwat da kimono. Wando, takalmi da safa, haku ake cewa. Hula kaburu, tabarau kakeru, zobe hameru. Wannan bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba, don mu ma ba ma naɗa zani mu ɗaura rawani. Zani ake ɗaurawa, rawani a naɗa, gyale a yafa. Gyaran shi ne ka duba sashen jikin da abin zai hau kafin ka zaɓi aikatau.

Haka "play". Asobu wasan nishaɗi ne kawai. Jita da fiyano hiku, sarewa fuku, wato busawa, ganga tataku, ƙwallo kuma suru.

Wanda ya fi damuna shi ne na kyauta, domin yana taɓa mutunci. Idan kai ka ba wani, ageru ne. Idan kai aka ba, ko wani na gidanku, kureru ne, kuma a cikinsa akwai nuna cewa an yi maka alheri. Na taɓa rubuta wa malamata cewa abokina "agemashita" mini littafi, ta ja layi da jan biro ta sa "kuremashita". Tun ranar nake fara tambayar kaina: hannun wa abin ya nufa?

Idan an kira ka, kada ka juya "ina zuwa" da kuru, wato "come". Tunda kai ne za ka bar inda kake, "ima ikimasu" za ka ce, wato "yanzu zan tafi".

Shan magani kuwa, bi Hausa ka bar Turanci: nomu ne, sha, ko da ƙwaya ce. Taba ce ta bambanta, su zuƙa suke cewa, suu.