Yadda Ake Zaɓar 4A ko 4H a Ford Ranger

1. A kan kwalta, musamman da damina, zaɓi 4A, wato tsarin da motar ke sa tayoyi huɗu su ja da kanta idan da buƙata. Kwamfutar motar ce ke tura ƙarfi ga tayoyin gaba ta hanyar wani kulochi da ke tsakanin gaba da baya idan na baya suka fara sulɓi.

2. Da ka shiga taɓo ko yashi, koma 4H, wato tsarin da tayoyi huɗu ke ja kullum. Nan an kulle gaba da baya, juyinsu ɗaya.

3. Kada ka bar 4H a busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya, to sai sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa ƙugi suna cinyewa, giya ta wahala.

4. 4L kuwa, wato jan tayoyi huɗu a ƙaramar giya mai ƙarfi, kafin ka shiga sai ka tsaya cak, ka sa giya a N (firi) tukuna.